Walter Cannon: Ɗalibin da ya fara ganin tumbi yana aiki

Duk wanda aka taɓa ba shi farin ruwan nan mai kauri kamar kunu ya sha a ɗakin ɗaukar hoto na asibiti, aka tsayar da shi gaban na'ura ana sa shi ya juya dama ya juya hagu, to ya ci gajiyar aikin wani ɗan Amurka mai suna Walter Bradford Cannon. Yana ɗalibi a shekararsa ta farko a makarantar koyon likitanci ya gano yadda za a ga tumbin mai rai yana aiki ba tare da an tsaga ciki ba. Abin da ya gani a lokacin shi ne har yau likitocin hoto ke dogaro da shi wajen raba ciwon da ke jikin tumbi da lotsawar da wani maƙwabcin tumbi ya jawo daga waje.

Kafin mu yi nisa, a nan idan muka ce ciki muna nufin duk abin da ke tsakanin ƙirji da mara. Idan muka ce tumbi muna nufin jakar da abinci ke sauka a cikinta bayan an haɗiye.

Tasowarsa

An haifi Cannon ranar 19 ga Oktoba, 1871, a wani ƙaramin gari mai suna Prairie du Chien a jihar Wisconsin. Mahaifinsa ma'aikacin kamfanin jirgin ƙasa ne. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara goma. Karatunsa bai tafi daidai ba da farko, har mahaifin ya cire shi daga makaranta yana ɗan shekara 14 ya sa shi aiki a ofishin jirgin ƙasa na kimanin shekara biyu. Da ya koma aji sai ya dage. Wata malamarsa a birnin St. Paul, May Newson, ita ta matsa masa ya nemi Jami'ar Harvard, ta kuma taimaka masa ya sami tallafin karatu. Ya shiga a 1892, ya fita da sakamako mafi daraja a 1896, a shekarar kuma ya shiga makarantar likitanci ta jami'ar a Boston.

Maɓalli a maƙoshin kare

Shekara guda kafin nan, a watan Nuwamban 1895, Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus. Duniya ta ruɗe da hotunan ƙasusuwan hannu, da harsashi da allura da suka maƙale a jiki. Amma likitocin ciki ba su sami abin da suke so ba. Ƙashi yana tare hasken, shi ya sa yake fitowa a hoto. Tumbi da hanji kuwa tsoka ce mai laushi, hasken yana ratsa su ya wuce kamar yadda rana ke ratsa labule mai shara-shara. A wancan zamani abin da aka sani game da motsin tumbi ya fito ne daga dabbobin da aka tsaga, ko daga mutanen da rauni ya bar musu rami a ciki. Tumbin da aka buɗe wa iska, aka taɓa shi da hannu, ba ya yin halinsa na kullum.

Cannon ya je wurin shugaban sashen nazarin aikin sassan jiki, Farfesa Henry Bowditch, ya nemi a ba shi wani bincike da zai yi. Bowditch ya ba shi shawara ya gwada sabon hasken wajen duba yadda ake haɗiya. Tare da wani ɗalibi, Albert Moser, suka fara a watan Disamban 1896. Sun ba kare maɓallin riga ya haɗiye, suna kallon inuwarsa a allo mai ƙyalli tana gangarawa. Daga nan suka koma kan dinya, tsuntsuwar nan mai kama da agwagwa, saboda dogon wuyanta ya sa ana ganin tafiyar abin da ta haɗiye sarai. A ƙarshen watan suka nuna wa taron masana a Boston.

Maɓalli ba abinci ba ne, don haka ba zai nuna siffar tumbi ba. Dabarar da ta canza komai ita ce cakuɗa abinci da garin wani sinadari mai nauyi da ake kira bismut, wanda ke tare hasken kamar ƙashi. A 1897 Cannon ya kwaɓa wannan gari da burodi ya ba kyanwa. Da ta ci, sai ga tumbinta baƙi ƙirin a allo, yana motsi. Yakan ɗora takarda mai shara-shara a kan allon ya bi gefen inuwar da fensir, bayan ɗan lokaci ya sake wata, har ya tara zane-zanen awowi da yawa. Ya buga sakamakon a 1898, tun bai zama likita ba.

Ga abin da ya gani. Saman tumbi rumbu ne, yana riƙe abinci yana tura shi ƙasa a hankali. Ƙasan tumbi kuwa turmi ne: matsewa takan taso daga tsakiya ta gangara zuwa ƙofar fita kamar igiyar ruwa, wata na bin wata, suna markaɗa abincin suna cakuɗa shi. Ƙofar ba ta buɗewa kowane lokaci, kaɗan-kaɗan take sakin abin da ya narke zuwa ƙaramin hanji. A tumbin mutum irin wannan matsewa takan zo kamar sau uku a minti guda. Daga baya ya nuna cewa abinci mai sitaci ya fi saurin barin tumbi, nama na bi masa, mai maiƙo kuma shi ne na ƙarshe. Wanda ya taɓa cin soyayyen abu da dare ya kwana da nauyin ciki ya san wannan ba tare da na'ura ba.

Sai kuma wani abu da bai nema ba. Kyanwoyi mata sukan kwanta lafiya a kan allon, tumbinsu na aiki. Muzurai kuwa sukan yi ta fizge-fizge suna neman kuɓucewa, kuma tumbinsu ya tsaya cik. Da farko abin ya dame shi, don yana ɓata masa gwaji. Sai ya lura cewa ko macen ce, da zarar ta fusata ko ta tsorata motsin yakan ɗauke, idan aka shafa ta ta huce ya dawo. Wannan lura ce ta ja ragamar sauran rayuwarsa, za mu dawo kanta.

Daga kyanwa zuwa majiyyaci

Cannon ya taimaka wa wani likitan Boston, Francis Williams, suka duba tumbin wasu yara da wannan dabara. Amma wanda ya mai da ita gwajin asibiti na yau da kullum shi ne Hermann Rieder na birnin Munich, a 1904. Bismut yana da tsada, wani nau'insa kuma ya sa wa wasu majiyyata guba idan an ba su da yawa. Daga 1910 aka koma ga sinadarin bariyom, a nau'insa wanda ba ya narkewa, jiki ba ya tsotse shi, yana shiga ya fita yadda yake. Shi ne farin ruwan da ake ba mutane har yau.

Nan matsala ta biyu ta taso. Ganin inuwa daban, fassara ta daban. Likitocin farko sun koyi siffar tumbi ne a jikin gawa a kwance. Da suka ga tumbin mai rai a tsaye, cike da sinadari mai nauyi, ya sauko har ƙasan cibiya, sai da yawa suka ɗauka cuta ce, wai tumbi ya zazzago. An yi wa mutane tiyata an ɗinke tumbinsu sama a kan wannan fahimta. Sai daga baya, da aka duba masu lafiya da yawa, aka gane cewa dogon mutum siriri tumbinsa dogo ne mai lanƙwasa kamar ƙugiya, kakkaura gajere kuma nasa a gicciye yake kamar ƙahon sa, kuma duka biyun lafiyarsu ƙalau.

Maƙwabtan tumbi

Hoton bariyom ba ya nuna tumbin kansa. Yana nuna siffar ruwan da ke cikinsa ne, kamar yadda alawa ke ɗaukar siffar kwanon da aka zuba ta. Idan an ga wani wuri da ruwan bai cika ba, abu uku ne ke iya jawo shi: wani abu ya tsiro a fatar cikin tumbi, ko yana ɓoye a cikin kaurin bangonsa, ko kuma yana waje gaba ɗaya yana danno bangon. Na ukun nan shi ne takardar sakamako kan rubuta da Turanci extrinsic compression, ma'ana dannawa daga waje.

Tumbi jaka ce mai laushi a wuri mai cunkoso, kamar salkar ruwa a tsakiyar kaya. Ɓangaren hagu na hanta yana kwance a gabansa. Saifa tana jingine da samansa ta hagu, can wajen baya. Fankiriyas, gaɓar nan da ke samar da sinadarin insulin da ruwan narkar da abinci, tana shimfiɗe a bayansa. Maɗaciya tana kusa da ƙofar fitarsa ta dama. Babban hanji ya gitta ta ƙarƙashinsa. Ƙodar hagu tana baya, haka ƙashin baya da babbar jijiyar jini da ke gangarowa daga zuciya. Zuciyar kanta tana sama, tantani ɗaya ne ya raba su, har mai leƙa tumbi da kyamara yakan ga bugunta a bango.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya barin shaida a jikin tumbi alhali shi ma lafiyarsa lau. Siririn mutum idan ya kwanta, ƙashin bayansa yakan lotsa tumbi. Iska ko bayan gida da suka taru a babban hanji sukan ture shi daga ƙasa. Wani abin ma gwajin ne da kansa ke jawo shi: an ce majiyyaci kada ya ci komai tun dare, maɗaciya kuwa idan ba a ci abinci ba cika take ta kumbura, sai ta danna ƙasan tumbi. Gefen saifa mai girman da ya dace yakan yi tudu a saman tumbi har ya yi kama da ƙari.

To yaya likitan hoto ke rabewa? A nan ne aikin Cannon ya yi rana. Shi ya koya wa likitoci cewa tumbi abu ne mai motsi, don haka kallonsa ake yi na tsawon lokaci, ba a yanke hukunci da hoto ɗaya. Lotsawar da ta fito daga waje gefenta sumul yake, tana tasowa a hankali kamar tudu. Ninke-ninken fatar cikin tumbi suna nan ba su lalace ba, sun dai hau kan tudun ko sun kauce masa. Idan majiyyaci ya juya, ko ya ja dogon numfashi, ko aka ƙara cika tumbin, ko likita ya danna cikin da hannu, lotsawar takan canza siffa, ta matsa, ko ta ɓace. Igiyar matsewar nan kuma takan bi ta wurin ta wuce abinta, saboda bangon lafiyayye ne. Ciwon daji da ya kama bangon tumbi ba haka yake ba. Yana nan daram duk yadda aka juya, gefensa a yayyage, ninke-ninken sun katse a bakinsa, bangon ya sandare, igiyar matsewa ta zo ta tsaya.

Wannan shi ne dalilin juye-juyen da ake sa majiyyaci yi a ɗakin hoto, wanda mutane da yawa ke ɗauka wahalarwa ce kawai ko rashin ƙwarewar ma'aikaci.

Mutumin da ya fi kowa tsara waɗannan ƙa'idoji a zamaninsa shi ne Russell Carman, shugaban sashen hoto na asibitin Mayo a Amurka daga 1913. Littafinsa na 1917 ya daɗe yana hannun likitoci, kuma ya nace a kan a riƙa kallon allo ana danna ciki da hannu kafin a kira wani abu ciwon daji. A 1925 shi kansa ya fara ciwon ciki. Aka yi masa gwajin, ya duba hotunan, ya gane ciwon dajin tumbi ne. Ya rasu a 1926.

Idan takardarka ta ce an danno tumbi daga waje

Yau kayan aiki sun ƙaru. Tun daga 1957 aka sami tiyo mai lanƙwasa da ake zurawa ta baki a leƙa tumbi, wato endoskofi, kuma shi ne ya karɓe mafi yawan aikin bariyom. Amma tsohuwar matsalar tana nan. Kyamara fatar ciki kawai take gani, kamar mutumin da ke cikin ɗaki yana kallon bango ya yi tudu, bai san ko tubalin ne ya kumbura ko wani ne ya jingina kaya ta waje ba. Likita zai sa a juya majiyyaci, ya ƙara iska ko ya rage, ya taɓa tudun a hankali ya ga ko yana motsi. Duk da haka ido kaɗai yakan yi kuskure a nan, har a hannun ƙwararru.

Majiyyata sukan tambayi dalilin da ya sa ba a gutsuri naman wurin an kai gwaji ba. Idan fatar da ke kan tudun lafiyayya ce, abin da aka gutsuro ba zai nuna komai ba, tunda matsalar tana ƙarƙashi ko tana waje. Idan kuma tudun jijiyar jini ce da ta kumbura, gutsurar tana iya jawo zubar jini mai haɗari. Abin da ya dace shi ne a duba maƙwabtan. Sikanin na ciki, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, yana nuna hanta da saifa da maɗaciya da ƙoda sosai, ba shi da tsada, ba ya kuma amfani da hasken eksire. Hoton siti, wanda aka fara amfani da shi a Landan a 1971, yana nuna ciki yanka-yanka, har da fankiriyas da iskar hanji kan ɓoye wa sikanin. Akwai kuma endoskofi mai ɗauke da kan sikanin a bakinsa, wanda ke nuna bangon tumbi hawa-hawa da abin da ke bayansa. Shi ya fi duka rabewa, sai dai ba kowane babban asibiti ke da shi ba.

Sau da yawa bayan an duba sai a tarar gaɓa ce lafiyayya ta jingina, a sallami mutum. Amma ba daidai ba ne a ninke takardar a ajiye a kan wannan zato, musamman a ƙasarmu, inda abubuwan da ke kumbura maƙwabtan tumbi suke da yawa. Zazzaɓin cizon sauro da ke yawan dawowa yakan sa saifa ta girma ƙwarai, har ta sauko ƙasan cibiya ta ture tumbi gefe. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi bincike mai yawa a kan wannan nau'in kumburin saifa a shekarun 1970 da 1980, kuma magani ne na maleriya na dogon lokaci ke sassabe ta, ba tsagar wanzami ba. Yara ƙanana masu sikila su ma saifarsu kan kumbura. Tsargiya ta hanji da taurin hanta suna hana jini wucewa ta hanta, sai ya koma baya ya cika saifa da jijiyoyin saman tumbi. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a arewacin Najeriya, yana iya kaiwa ga ƙari a hanta, kuma wani lokaci dannawar da ya yi wa tumbi ce alamar farko. Akwai ƙurjin hanta mai tara mugunya, akwai jakar ruwa da kan taru a bayan tumbi makonni bayan kumburin fankiriyas ko bugu a ciki, akwai kaluluwar cikin ciki da tibi ke kumburawa. Da yawa daga cikin waɗannan suna da magani idan an gano su da wuri.

Don haka wanda ya karɓi irin wannan sakamako, ko daga wata cibiyar hoto ce a GRA, ko Babban Asibitin Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ya mayar da shi ga likitan da ya tura shi, tare da hotunan kansu ba takardar kaɗai ba, da duk wani tsohon hoto da yake da shi. Tudun da ke nan bai canza ba tun shekara uku ba ɗaya yake da wanda ya bayyana cikin wata uku ba. Kada a jira ranar da aka ba mutum idan akwai aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, rama ba dalili, ƙoshi bayan loma kaɗan, amai da ya ƙi tsayawa, wahalar haɗiya, ko idanu sun yi rawaya. Wanda za a yi wa gwajin bariyom kuma ya sani bayan gidansa zai yi fari kwana ɗaya ko biyu, ya sha ruwa sosai don kada ya ƙulle masa ciki. Mace mai juna biyu, ko wadda ke zaton tana da shi, ta faɗa kafin a fara.

Tsoro da jiki

Cannon ya zama likita a 1900, amma bai zauna duba marasa lafiya ba. Tun yana ɗalibi ya kawo shawarar a riƙa koyar da likitanci ta hanyar tattauna labarin majiyyata na gaske, dabarar da ya gani wurin ɗaliban shari'a, kuma har yau haka ake yi a makarantunmu. A 1901 ya auri Cornelia James, wadda ta zama marubuciya. A tafiyarsu ta bayan aure suka hau wani tsauni a jihar Montana da ba a san wani ya taɓa kaiwa ƙolinsa ba, aka sa wa tsaunin sunansu. Sun haifi 'ya'ya biyar, namiji ɗaya da mata huɗu. A 1906 ya gaji kujerar Bowditch, ya riƙe ta har 1942.

Bayan ya tattara bincikensa kan narkar da abinci a littafi a 1911, sai ya koma ga tambayar da muzuran nan suka bar masa. Ya nuna cewa idan dabba ta tsorata ko ta fusata, wasu jijiyoyi da wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke kan ƙoda suna sakin sinadarin adirenalin. Zuciya ta ƙara gudu, sukari ya hau a jini, jini ya bar tumbi da hanji ya koma damatsa da cinyoyi, narkar da abinci ta tsaya. Jiki yana shirin ɗayan biyu ne, faɗa ko gudu. Ya bayyana wannan a littafinsa na 1915. Shi ya sa bakin mai jiran sakamakon gwaji ke bushewa, abinci ya fita ransa, ya ji kamar an ɗora masa dutse a ciki.

Ba duk abin da ya faɗa ne ya tabbata ba. A 1912 ɗalibinsa Washburn ya haɗiye balan-balan da aka haɗa da ma'auni, suka ga cewa jin yunwa na zuwa daidai da matsewar tumbi, sai Cannon ya ɗauka matsewar ce yunwar. Daga baya aka ga mutanen da aka cire wa tumbi gaba ɗaya suna jin yunwa, aka gane cewa ƙwaƙwalwa da sinadaran jini suna da babban hannu. Haka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da ya tafi Faransa a 1917 yana binciken dalilin da ya sa sojan da ya ji rauni kan yi sanyi, bugun jininsa ya faɗi ya mutu, ya karkata ga cewa wata guba ce ke fita daga naman da ya dagargaje. Alfred Blalock ya nuna daga baya cewa asarar jini da ruwan jiki ce babban dalili. Sai dai gargaɗin da Cannon ya yi a lokacin, cewa ɗaga ƙarfin bugun jini kafin a tsayar da zubar jinin yana iya ƙara zubar, likitocin haɗari sun dawo gare shi bayan shekaru da yawa.

A 1926 ya ƙirƙiro kalmar homiyostasis, wadda duk ɗalibin kimiyya ke haddacewa yau. Ma'anarta yadda jiki ke riƙe zafinsa, da ruwansa, da gishirinsa, da sukarinsa a daidai ko da waje ya canza, ko a sanyin hunturu ko a zafin bazara. Ya faɗaɗa bayanin a wani littafi na 1932 da ya rubuta don talakawan masu karatu. A 1942 ya rubuta wata maƙala kan mutanen da suka mutu bayan sun gaskata cewa an yi musu sammu, yana mai cewa tsoro mai tsanani da ya daɗe, tare da ƙin ci da sha, yana iya kai jiki ga durƙushewa. Masana sun yi ta muhawara a kan labaran da ya dogara da su, amma maƙalar ta buɗe ƙofar binciken alaƙar firgici da zuciya.

Ya shiga harkokin duniya ma. Abokin masanin Rasha Ivan Pavlov ne, ya koyar a birnin Beijing a 1935, ya jagoranci tara magunguna ga waɗanda yaƙin basasar Sifaniya ya rutsa da su, ya kuma nema wa masanan da suka gudo daga mulkin Hitler wurin aiki. Wasu sun zarge shi da kwaminisanci a kan haka. Duk da sunansa ya sha shiga jerin waɗanda ake sa ran za su samu, bai sami kyautar Nobel ba.

Abin da hasken ya yi masa

A shekarun da Cannon ke zaune gaban allo yana bin inuwar tumbin kyanwa da fensir, babu wanda ya san haɗarin hasken sosai. Babu rigar dalma, babu bangon kariya, babu ma'aunin da ke ƙirga abin da jiki ya sha. Yakan yi awowi da hannuwansa a cikin hasken, har suka ƙone. Ba shi kaɗai ba ne. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison, ya rasa hannuwansa biyu sannan ya mutu a 1904, kuma a 1936 aka kafa wani dutsen tunawa a harabar wani asibiti a birnin Hamburg ɗauke da sunayen likitoci da ma'aikatan da hasken ya kashe. Ƙa'idojin da ake bi yanzu, na rage yawan haske, da fitar da 'yan rakiya daga ɗaki, da ƙin maimaita hoto ba dalili, daga irin waɗannan mutane aka koye su. Abin da majiyyaci ke sha a gwaji guda a yau kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da nasu.

Wajen 1931 fatar Cannon ta fara ja da ƙaiƙayi mai hana barci. Gwaji ya nuna wani nau'in ciwon daji ne na ƙwayoyin garkuwar jiki da ke bayyana a fata. Likitocin da suka kula da shi sun alaƙanta ciwon da hasken da ya sha yana matashi. Ya yi shekara 14 yana fama, yana koyarwa yana rubutu, ya yarda abokan aikinsa su riƙa gutsurar fatarsa suna nazari. Daga baya ciwon dajin jini ya haɗu da na fatar. A shekararsa ta ƙarshe ya buga littafin tarihin rayuwarsa ta bincike. Ya rasu ranar 1 ga Oktoba, 1945, a garin Franklin na jihar New Hampshire, saura kwana 18 ya cika shekara 74. Shekara goma bayan rasuwarsa likitocinsa suka buga cikakken bayanin ciwon nasa a wata mujallar likitanci.